Man Aksul da Na Riƙa Sharewa

Tun da yarinyar ta fara rarrafe hankalina bai ƙara kwanciya ba. Ita ce ta fari a wurina, saboda haka ba ni da bakin faɗar damuwata. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Mu kuwa daga ni sai maigida a gidan, uwarsa tana can wata unguwa, sai ranar Juma'a take leƙo mu. Ga yarinya mai kai komai baki. Na ƙwace kashin akuya a hannunta, na ƙwace ƙusa, akwai ranar da na zaro ƙwallon goruba daga kumatunta. Kullum gani nake zan juya baya in tuƙa tuwo, in waiwayo in tarar ta haɗiye abin da ba ya fitowa.

A Tsiga muke zaune a lokacin, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai. Maigida direba ne, yana tuƙa babbar motar wani Alhaji na Funtuwa. In kakar auduga ta kama, shi ke nan ba hutu: yau ya yi lodi a kasuwar audugar Tsiga, gobe a ta Danja, ya kai gidan gurza a Funtuwa, ya bi layi a sauke, ya dawo da la'asar sakaliya. A shekarar aka ba shi makullin motar. Wanda ya riƙe motar kafin shi ya bar injin ya ƙone don rashin mai, kuma ranar da Alhaji ya miƙa wa maigida makulli ya gaya masa cewa zai iya yafe faci da karyewar sifirin, amma sakaci ba ya yafe shi. Maigida ya maimaita mini wannan magana ya fi sau goma, yana dariya, amma na san ba ta ba shi dariya.

Alhaji ya hana a bar motar ta kwana a bakin hanya, don an taɓa sace batir ɗin wata. Sai maigida ya faɗaɗa dangar bayan gida ya yi mata ƙofa. Ta zama tana kwana taku goma daga madafata. Yarinya kuwa ba abin da take so kamar ƙarƙashinta. Da na sauke ta daga baya sai ta miƙe hanya, gwiwa da hannu, sai tsakanin tayoyi.

Wata safiya na jawo ta daga can na ga yatsunta biyu baƙi ƙirin, leɓenta na ƙasa yana maiƙo. Na sunsuna bakinta. Wari ne irin na ruɓaɓɓen ƙwai da aka haɗa da tafarnuwa. Na wanke mata baki har ta yi kuka, na ba ta nono, na wuni ina duba idonta da kashinta. Ba abin da ya same ta. Bayan motar ta fita na je na duba wurin, na ga ɗigon mai guda ɗaya a ƙasa, bai fi anini ba, ga sawun yatsunta a kansa.

Ban gaya wa maigida ba. In na ce na ga mai, zai tambaye ni abin da ya kai ni ƙarƙashin mota, daga nan sai in buɗe baki in ce na wuni cikin fargaba saboda 'yar fari. Kunya ba za ta bar ni ba. Ban da haka, a zatona haka motoci suke, suna tsattsafo kamar sabon tulu. Abin da na yanke shi ne in riga yarinyar zuwa wurin.

Kullum in ya fita masallaci sallar asuba, sai in ɗebi toka a murhu, in durƙusa in shiga, in barbaɗa a kan man, in murje da kara, in share tas, in watsa sabuwar ƙasa. Kafin ya dawo wurin ya koma kamar tsakar ɗaki. Shi kuma in ya dawo, kafin ya sha koko, sai ya zagaya motar ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe yana kallo, ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa. Ina ganinsa daga madafa. Na ɗauka kaji yake dubawa, don ya taɓa take agwagwar maƙwabta aka yi ta magana. Har wani daɗi nake ji, ina cewa a raina zai ga na tsabtace masa wuri.

Ɗigon bai tsaya a anini ba. Ya zama kwabo, ya zama bakin ludayi. Daga baya ya zama biyu, babba da ƙarami a gefensa. Tokar da nake ɗiba da tafi ɗaya ta koma tafi uku. Na san kwanakin sarai, don ina ƙirga su daga ranar da yarinyar ta lasa, ina jiran ko wani abu zai ɓullo mata: kwana goma sha tara.

A na ashirin muka tafi Funtuwa tare. 'Yar gwaggona ta haihu, na roƙe shi ya kai ni barka tunda hanyarsa ce. An loda auduga har ta fi kan motar tsawo, na zauna a gaba da yarinya a cinya, ƙullin kuka da daddawa a ƙafata. Mun wuce Bakori kaɗan sai na fara jin wani kuka daga baya, siriri, kamar yaro yana hura bakin kwalba. In ya taka totur ya ƙaru, in ya saki ya lafa. Na dubi maigida na ga ya karkata kai yana sauraro, goron da ke bakinsa ya daina taunawa.

Ya tsaya a gefen hanya ya sauka. Na leƙa ta taga na gan shi ya kwanta ya shiga ƙarƙashi, wajen wannan ƙarfen mai kama da tulu da ke tsakanin tayoyin baya, wanda su direbobi suke ce wa aksul. Ya kai hannu ya janye da sauri. Ya tofa masa yawu, na ji ya yi cuu daga inda nake. A daidai nan iska ta kawo mini warin, wancan dai na bakin yarinya, sai dai yanzu da ƙauri. Ban gane komai game da mota ba, amma na gane man da nake sharewa na wannan tulun ne, kuma a ciki ya kamata ya kasance.

Sauran hanyar a hankali muka yi ta, sai mu ɗan taɓa mu tsaya ya huce. Masu jakuna har gaishe mu suke yi sau biyu. Na buɗe baki ya fi sau uku zan gaya masa, sai in gyara wa yarinya hula.

Bai kai audugar gidan gurza ba, kai tsaye ya wuce garejin wani tsohon bakanike da ke bayan tasha. Akwai direbobi huɗu ko biyar a kan benci suna jiran nasu gyaran. Maigida ya kai ni rumfar da ke jikin garejin, ta wata mata mai sayar da mai a duro, ya ce in zauna a nan. Bayarabiya ce, amma a Funtuwa aka haife ta, Hausarta ta fi tawa fita. Ta ba ni kujera da ruwa, ta karɓi yarinyar tana yi mata wasa, tana ce mini ƙanwata kamar mun saba. Tsakanina da motar bai fi tsawon tabarma uku ba, duk abin da ake faɗi ina ji.

Tsohon ya shiga ƙarƙashi da sifana, ya kwance wani noti a jikin tulun, ya zura yatsa har ƙarshe, ya fito da shi ya nuna wa maigida. A bushe yake. Ya ce jikin aksul ɗin duk ya yi kauri da mai da gashin auduga da jar ƙasa, ba a gane inda ya fito. Ya tambayi tun yaushe take zuba. Maigida ya rantse cewa yau ne, a hanya. Ya ce ubangidan da ya koya masa tuƙi abu na farko da ya nuna masa shi ne duba ƙasar da mota ta kwana a kai, kuma tun da ya karɓi makulli bai taɓa tayar da ita bai duba ba, ko yau da safe wurin fes yake.

Tsohon ya goge hannu da tsumma. Sannan ya ce in da gaske duk man nan a tafiya ɗaya ya tsiyaye, to tulun ne ya tsage. Sai an sauke aksul gaba ɗaya an wanke an nemi tsagar, motar za ta yi mako ko fiye a tsaye a tsakiyar kakar auduga, kuma shi ba zai taɓa ba sai an kira Alhaji. Ya ƙara da cewa tulu ba ya tsagewa haka kawai, sai an hau dutse da shi ko an yi ganganci.

Wani direba dogo a kan benci ya ce wa maigida ya faɗi gaskiya, audugar lardin ce duka ya loda mata ko tseren tsallake rafi ya shiga. Na kusa da shi ya ce in makullin ya yi masa nauyi a aljihu, shi nasa aljihun ba komai a ciki. Suka yi dariya. Maigida ya yi murmushin da na sani, wanda haƙora kawai ke yi.

Na matsa kusa da mai man na gaya mata a kunne, duka, har da yarinya da toka. Ta fara dariya, ta dubi fuskata ta daina. Ban ankara ba ta ɗaga murya.

"Baba, zo ka ji. Ga wadda ta san ciwon motarku a nan."

Na ja mayafi na rufe baki. Tsohon ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, bai dube ni ba, ya gaishe ni ya ce 'yata ki faɗi. Maigida yana tsaye a bayansa. Na faɗi kwanakin, na faɗi anini da kwabo da bakin ludayi, na ce daga baya ya zama biyu. Tsohon ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana tayoyi huɗu da bakin sifana, ya miƙo mini kara ya ce in nuna inda yake ɗiga. Na nuna: tsakanin tayoyin baya, amma ya ɗan matso gaba kamar taƙi biyu.

Ya gyaɗa kai. Ya ce ba tsaga ba ne, fatar da ke tare mai a inda furofela, dogon ƙarfen da ke juya tayoyin baya, ke shiga tulun ce ta saki.

Maigida ya dube ni. "Da toka?"

"Da toka," na ce.

"Kullum?"

"Kullum, in ka tafi masallaci."

Dogon nan na benci ya ce Allah ya ba shi mata mai tsabta irin wannan, amma ya bari sai ya bar tuƙi. Tsohon ya juya ya ce masa ya rufe baki, shi da ko ruwan lagireto sai an tuna masa. Sannan ya koma kan maigida. Ya ce duban ƙasa yana da kyau, amma notin nan da ya kwance yanzu ba don ado aka yi shi ba, sifana da yatsa ɗaya sun isa mutum ya san abin da ke cikin tulunsa duk Juma'a.

Ya sake shiga, ya lalubo wani ɗan bututu a saman aksul ɗin, bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce ta nan tulun yake numfashi in ya yi zafi. Gashin auduga da laka sun toshe shi sun daskare. Da ya soka waya a ciki sai ya yi huci. Wannan toshewar, in ji shi, ita ta matsa man har ya nemi hanya ta fatar. Aka aika aka sayo sabuwar fata ya sa. Ya kwance notin ƙasa, ɗan abin da ya rage ya gangaro cikin kwano, bai cika rabin moɗa ba. Ya fito da shi rana yana juyawa. Na ga wani abu yana ƙyalli a ciki kamar garin kwalli. Ya murza a yatsu ya ce haƙoran ƙarfen da ke cikin tulun ne suka ci juna. Da ya ji tsaki-tsaki da sai ya ce a yi wa motar sallah, amma tunda gari ne mai laushi, da sauran rai. Ya wanke cikin da kananzir sau biyu.

Sai aka zo kan man da za a zuba, nan kuma rumfar da nake zaune ta cika da maza. Duro biyu ne. Na yi ajin yaƙi da jahilci kafin aure, ina karanta lamba, na ga an rubuta casa'in a jikin ɗaya, ɗari da arba'in a jikin ɗayan. Mai man ta tsoma kara a kowanne ta ɗaga mini. Na casa'in ya gangaro kamar man gyaɗa da sanyin safe. Ɗayan ya ja zare kamar zuma, da kyar ya rabu da karan. Duka biyun warinsu ɗaya, ta ce wanda ba ya wannan warin ba na aksul ba ne. Tsohon ya tambaye ni wanne ya yi kama da abin da nake sharewa. Na ce na farko.

Ya ce to da ma shi waɗanda suka ƙera motar suka ce a zuba, kuma da haƙoran lafiya lau suke ba zai ko tsaya shawara ba. Amma yanzu sun sami giɓi, ga lodi mai nauyi, mai kaurin zai fi cika tsakaninsu. Illarsa ita ce da sanyin asuba yana nauyin tashi, ba ya saurin kaiwa ko'ina, sai direba ya yi mil biyu ko uku a hankali kafin ya taka. Wani daga cikin direbobin ya ce shi bai yarda da mai kaurin ba, yana riƙe zafi. Dogon ya ce a zuba kowanne a ƙara garin katako tafi biyu, kukan zai ɗauke ɗif, Alhaji ba zai ji komai ba. Mai man ta ce masa ita mai take sayarwa, in fura yake son damawa ya tafi bakin kasuwa.

Maigida ya daɗe yana kallon durorin nan. Ya tambayi tsohon a hankali wanne ne zai kashe kukan gaba ɗaya.

"Babu," in ji tsohon. "Zaɓi wanda zai kai ka ƙarshen auduga."

Ya zaɓi mai kaurin.

Bayan ya sauke lodi ya tafi wurin Alhaji da ƙafarsa. Mijin gwaggona ne ya ba mu labari daga baya, don a unguwa ɗaya suke. Ya ce maigida ya gaya wa Alhaji mai ya tsiyaye a hankali shi bai lura ba, bai ambaci toka ba, bai ambace ni ba. Alhaji ya shiga motar aka zaga da shi har hanyar Zariya aka dawo, yana sauraro. Sannan ya ce wa maigida ya gama kakar a gani. Ni kuwa a gidan barka an ce jaririn yana kama da ubansa, na ce ƙwarai, har yau ban tuna fuskarsa ba.

A hanyar komawa kukan yana nan, ya yi ƙasa sosai, sai mutum ya nema zai ji. Ni ina nema. Sai da muka shiga gida ya kashe mota sannan ya tambaye ni me ya kai ni ƙarƙashin mota. Na sunkuyar da kai na ce yarinya ce ta lasa. Ya karɓe ta daga hannuna, ya buɗe mata baki da ɗan yatsa yana leƙawa, abin da aka yi kwana ashirin da yi. Washegari ya yanko kara ya yi ɗan shinge tsakanin madafa da motar, iya gwiwa.

Duk sauran kakar nan da kunne na yi ta. Da la'asar ta yi sai in bar abin da nake yi. Kafin in ji injin nake jin siririn kukan daga wajen gari, in auna shi da na jiya. Wata rana in ce ya ragu, wata rana in ce ya ƙaru, in kasa cin abinci. Shi kuma duk Juma'a yana kwance notin ya zura yatsa, kuma kullum da safe a hankali yake fita kamar mai ɗauke da ƙwai. Auduga ta ƙare lafiya, na fara sakin jiki.

Da ruwan farko, yana ɗauke da dawa kusa da Malumfashi, aksul ɗin ya yi ƙara ya tsaya cak. An jawo motar zuwa Funtuwa, ta yi wata guda a gareji. Da aka gama gyara Alhaji bai yi faɗa ba, bai kuma aiko ba. Mun gan ta ta wuce Tsiga da wani a kan sitiyari. Yanzu maigida auduga yake nomawa, in wani direba ya kwanta rashin lafiya a kira shi ya yi kwana biyu ko uku.

Bai taɓa ɗora mini ba. In na tambaya sai ya ce aksul ɗin da ma tsoho ne, na bar zancen. Wani abokinsa ya taɓa cewa a zaure, ina ji daga ciki, mai kaurin ne ya ƙarasa shi, da na casa'in aka zuba da yana nan. Tsohon bakaniken da zan so in aika a tambayar mini ya koma garinsu. Ni dai ban san wanda zan gaskata ba, kuma abin bai bar ni ba, ko ina daka ko ina wanki.

Don haka ina roƙon wanda ya karanta wannan, in ya san aikin aksul, ya gaya mini gaskiya ba don ya lallashe ni ba: zubar kwana goma sha tara ta isa ta kashe shi, ko man da aka zaɓa ne, ko da ma kwanansa ya ƙare. Ya faɗa wa kowane direban da ke bin hanyar Tsiga, maganar za ta iso ni.